Daga Rumfar Gwanjo: Liyarin 1780 da abin da ya koya mini kan sayen tsofaffin sulalla a intanet

Ina gaishe ku daga nan Missèbo, inda damina ta sa muke wuni muna shimfiɗa leda a kan kaya muna janyewa.

Bayan fitowar da ta gabata, wani matashi mai tsaron shagon kawunsa a Zongon Lome ya aiko mini da saƙo. Ya ce: "Baba, na fara sha'awar tara tsofaffin sulalla, irin su kwabo mai huji da sulen zamanin Turawa. Na ga ana gwanjonsu a intanet, har na ga wani babba na azurfa an rubuta 1780 a jikinsa. Na tara 'yan kuɗina, ina so in taya. Me za ka ce?" Da na karanta sai na fashe da dariya ni kaɗai a rumfa, har maƙwabcina ya leƙo yana tambaya ko lafiya. Abin da ya ba ni dariya shi ne, wannan mai 1780 ɗin shi ya ci mini sefa dubu 91 da 'yan kai shekarun baya. To ɗana, ga amsarka. Na kuma san ba kai kaɗai ba ne, don yanzu waya ta kawo kasuwar duniya har cikin aljihun kowa.

Ni dai sana'ata gwanjo. Shekara talatin ke nan ina fasa dila a Kwatano, ina ware zaɓin farko da na biyu da tarkace. Kun san kalmar gwanjo fuska biyu gare ta a bakinmu. Akwai tufafin da aka sa aka tuɓe, akwai kuma cinikin da ake ɗaga kaya kowa ya taya, wanda ya fi tayi mai tsoka ya ɗauka. Ni a zatona wanda ya goge a na farko ba za a yi masa wayo a na biyu ba. Ashe da sauran karatu a gabana.

Asalin abin daga gida ne. Can garinmu a ƙasar Maraɗi, innata tana da liyari guda uku da ta gada wurin kakata. Manyan sulalla ne na azurfa, masu hoton wata mace mai ƙiba a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma gaggafa mai kai biyu. Maƙeri ya yi musu kunne an zura a zare, ba ta sa su sai da biki ko salla. A yunwar 1984, ina ɗan shekara goma sha uku, na raka ta kasuwa ta sayar da su duka ukun muka sayo hatsi. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma sake zancensu ba, amma ni abin bai taɓa fita raina ba.

A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe ba sai Disambar 2020, ga kuma korona ta shigo a tsakani. Wanda duk yake Missèbo ko Dantokpa a lokacin ya san yadda kasuwa ta mutu. Masu zuwa sari daga Legas da Anaca da Kano suka ɗauke ƙafa, muka koma zaman latsa waya. A wannan zaman ne ɗana na fari, mai karatu a jami'ar Abomey-Calavi, ya nuna mini wani dandalin gwanjo na Turai. Ina cikin dube-dube sai ga liyarin innata sak, har da 1780 a jikinsa, an fara tayi daga yuro 1. Na lissafa, shekara 240 ke nan. Na ce a raina wannan Bature bai san abin da yake riƙe da shi ba.

Na ce ba zan wuce yuro 40 ba. Daren da za a rufe gwanjon, bayan sallar isha'i, na zauna a tsakar gida da waya. Na sa 40, wani ya sa 45. Na sa 50, ya sa 55. Daga nan kuma ba liyari nake saye ba, mutumin nan da ban sani ba nake kokawa da shi. Da agogo ya tsaya ni ne a sama da yuro 110. Aka ɗora la'ada 10, kuɗin aike 20, ya tashi 140. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya hawa ba ya sauka, don haka lissafi ya ba da sefa 91,834. Kuma daga cikin kuɗin da muka ware na kayan ɗakin 'yarmu na ciro, da niyyar in mayar idan kasuwa ta buɗe.

Da uwargida ta ji, ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi: "Alhaji, kai da kake juya wando sau uku kana duba ɗinki kafin ka biya dala ɗari, yau ka sayi abin da hannunka bai taɓa ba a kan jika casa'in?" Na ce mata ta bari kaya ya iso ta ga ikon Allah.

Bayan mako biyar kaya ya iso gidan waya. Na ɗauka na nufi wurin wani dattijo Buzu mutumin Agadas, maƙerin farfaru ne a nan Zongo. Ya ɗora a sikeli, giram 28. Ya ɗora a kan yatsa ya ƙwanƙwasa, ya yi ƙara mai tsawo. Ya ce: "Alhaji, azurfa ce mai kyau, ba jabu ba ne." Na fara murmushi. Sai ya miƙa hannu ƙarƙashin teburi ya jawo wani tsohon gwangwanin madara ya zazzage a gabana. Liyari sun fi goma, kowanne 1780. Ya ce in ina so in ƙara, ko wanne bai kai jika ashirin ba. Wallahi sai da na nemi wurin zama.

Ga abin da ban sani ba a lokacin. Matar da ke jikin liyari ita ce Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, wadda ta rasu a 1780. Saboda 'yan kasuwar ƙasashen Larabawa da Habasha da Sudan da Barno da ƙasar Hausa sun yarda da nauyinsa da kyawun azurfarsa, ba su son a canza masa komai, sai aka ci gaba da buga shi da shekarar rasuwarta. An buga shi a Biyana, daga baya har a Roma da Paris da Landan da Bombay, ɗaruruwan miliyoyi, kuma har gobe gidan buga kuɗin Ostiriya yana fitar da sabo fil da 1780 a jikinsa. Nauyinsa giram 28.07, kashi 833 cikin dubu azurfa ce, wato tsantsar azurfar da ke ciki giram 23.39. Bature ɗan yawon duniya Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya tarar ana canza irin wannan kuɗi a kan wuri 2,500 da ya zo Kano a 1851. Daga sunansa na Jamusanci, tala, aka sami dalar Amurka, aka kuma sami dalar da muke ƙirga sefa da ita. Sunan ya koma kan babban sulen azurfa na Faransa mai faran 5, shi ya sa har yau sefa 5 muke ce wa dala. Liyari yana da tarihi, yana da daraja. Amma ba shi da wuyar samu, kuma a wannan harka wuyar samu ita ke sa tsada.

Wannan shi ne darasi na farko, kuma shi ne uban sauran: tsufa daban, tsada daban. Abu uku ke yanke kuɗin tsohon sule. Guda nawa aka buga kuma nawa suka rage, wane hali yake ciki, sannan mutum nawa ke nemansa. Shekarar da aka rubuta a jiki ita kaɗai ba ta gaya maka komai.

Ɗauki kwabo mai huji na 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas. Wannan sarki ya hau gadon Ingila a Janairun 1936 ya sauka a Disambar shekarar, kafin a saki kuɗi mai hotonsa a ƙasarsa. 'Yan ƙalilan da aka buga na gwaji suna da tsadar gaske, har a farkon 2020 aka sayar da na zinariya guda a kan fam miliyan 1. Masu wayo sukan ɗauko wannan labari su liƙa a kan kwabon Afirka ta Yamma mai sunansa, su ce ga irinsa. Alhali namu na nan, kwabo da ɗari da anini, miliyoyi aka buga aka kashe su a kasuwanni, kuma wanda ya sha hannu a cikinsu kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Darasi na biyu, ka san kayan kafin ka san farashinsa. Mu da muka fito daga Najeriya da Nijar da Gana mun yi sa'a, don kuɗin da iyayenmu suka kashe suna da sauƙin koyo, sunayensu ma suna bakinmu. A 1907 Turawan Ingila suka fara buga kwabo da anini masu huji, da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci a jiki. Anini goma ke yin kwabo ɗaya, kuma aninin farko da sanholo aka yi shi, wato alminiyom, kafin a canza masa ƙarfe a 1908. Shi ne ya bar mana sunan da muke kiran tauraron kafaɗar soja da ɗan sanda. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma mai kula da Najeriya da Gwalkwas, wato Gana ta yau, da Saliyo da Gambiya. A 1913 ta fito da taro da sisi da sule da fataka, wato kwabo uku, kwabo shida, kwabo goma sha biyu, da sule biyu. Waɗannan na azurfa ne har zuwa 1920, sannan aka koma wani ƙarfe mai ruwan ɗorawa saboda azurfa ta yi tsada. Ka ga ke nan sulen 1915 da na 1925 hoton sarki ɗaya ne, bishiyar kwakwa ɗaya ce, amma ɗaya azurfa ne ɗaya ba azurfa ba. Najeriya ta fito da nata a 1959, sannan naira da kwabo suka karɓa ranar 1 ga Janairun 1973. A ɓangaren Faransa kuwa, an ƙirƙiro sefa a Disambar 1945, kuma faran 1 da faran 2 na sanholo masu kan barewa na 1948 suna nan da yawa a gwanjo, da araha.

Akwai kuma ɗan ƙaramin harafi da za ka nema da madubin ƙara girma. A kuɗin Afirka ta Yamma na Ingila, H na nufin kamfanin Heaton ne ya buga, KN na nufin King's Norton, dukansu a garin Birmingham. Idan babu harafi, gidan buga kuɗin sarauta na Landan ne. Sau da yawa shekara ɗaya ce, amma mai wannan harafi yana da yawa, mai wancan kuma da wuya a gan shi. Duk wannan bayani yana nan kyauta a shafin Numista, da Faransanci da Turanci: nauyi, faɗi, irin ƙarfe, da adadin da aka buga. Minti biyar a can da ya tsare mini jika saba'in.

Na uku, kada ka dubi kuɗin da mai kaya ya sa, dubi kuɗin da aka sallama. Mu 'yan kasuwa mun san wannan tun muna yara. Ina iya rataya riga in ce jika ashirin, ba wanda zai hana ni, amma kuɗinta shi ne abin da aka ƙirga mini a hannu. A eBay akwai wurin da za ka latsa ya nuna maka waɗanda aka riga aka sayar da kuɗin da aka biya. Manyan gidajen gwanjo irin su Heritage na Amurka su ma suna ajiye sakamakon cinikinsu na baya. Delcampe da Catawiki kuwa, ka yi mako biyu kana kallon yadda gwanjo ke ƙarewa a cikinsu ba tare da ka taya ba. Idan ka ga irin abin da kake so an sallama shi sau biyar ko shida, to ka san kasuwarsa.

Na huɗu, ka yi lissafin kaya har zuwa hannunka. Kuɗin da ka taya ba shi ne kuɗin da za ka biya ba. Wasu wuraren suna ɗora la'ada a kan mai saye, kuma a manyan gidajen gwanjo takan kai kashi 20 cikin ɗari, wani lokaci ta wuce. A ce ka ci gwanjo a yuro 100. La'ada 20, aike 15, ya zama 135, wato sefa 88,554. Banki zai cire nasa a kati, in kuma 'yan duwan sun tsayar da ƙunshin a gidan waya, nan ma da abin biya. Sannan ka karanta da kyau ko mai kayan yana aikowa Benin ko Togo ko Nijar, don da yawansu ba su aikowa Afirka, sai ka ci gwanjo a ce ka kawo adireshin Turai. Kada ka yarda da aiken da ba shi da lambar bin sawu, ko da ya fi araha. Idan ƙananan sulalla kake saye, ka tara su wurin mutum ɗaya ya haɗa maka a ƙunshi guda, in ba haka ba kuɗin aike zai ninka kuɗin kaya.

Na biyar shi ne wanda ya kayar da ni. Ka yanke iyakarka da rana, idonka biyu, ka rubuta a takarda, in da hali ka gaya wa wani a gida. Yawancin dandalin nan suna ba ka dama ka sa iyakar abin da za ka iya biya, na'ura ta riƙa taya maka kaɗan-kaɗan har ta kai wurin ta tsaya. Ka sa, ka ajiye wayar, ka je ka yi barcinka. Idan wani ya wuce ka, ka ce masa Allah ya sa albarka, irinsa zai sake fitowa mako mai zuwa. A minti na ƙarshe ake yin ɓarna, don wasu sukan laɓe sai saura daƙiƙa kaɗan su jefa tayinsu, wasu wuraren kuma sukan ƙara lokaci duk sa'ad da aka taya a ƙarshe, sai ka ga kokawa ta ƙi ƙarewa. Ka kuma sani akwai mai kayan da kan sa abokinsa ya riƙa tayawa don ya tunzura ka. Wannan shi malamai ke kira najashi, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shi, ko da yake gwanjon kansa halal ne. Daga nan Kwatano ba ka da hanyar ganin wanda ke bayan labule. Takardar da ka rubuta iyakarka ita ce kariyarka.

Na shida, batun jabu. Bayan wata uku na sake gwadawa, wannan karon dala biyu na Faransa masu faran 5. Na riga na duba, ko wacce ya kamata ta yi giram 25, faɗi milimita 37, azurfa kashi 900 cikin dubu. Na sa ɗana ya ɗauki bidiyo tun daga yage ambulan. Muka ɗora a sikeli, ɗaya 21, ɗaya 22. Muka kawo maganaɗisu, ɗaya ta manne. Da yake ta cikin dandalin na biya, muka shigar da ƙara da bidiyon, bayan 'yan makonni aka dawo mini da kuɗina. Da na bi shawarar mai kayan, wanda tun farko ya rubuto mini a ɓoye cewa in aika masa kai tsaye zai rage mini, da ko sisi ban gani ba. Duk wanda ya ce ku koma gefe ku ƙarasa ciniki a WhatsApp, ka rabu da shi.

Kayan aikin ba su da tsada: ƙaramin sikeli irin na masu zinariya wanda ke nuna ɗigon giram, maganaɗisu mai ƙarfi, madubin ƙara girma, da ma'aunin faɗi. Azurfa ba ta bin maganaɗisu. Amma ka lura, tagulla da dalma su ma ba su bi, don haka ƙin mannewa shi kaɗai ba shaida ba ne, sai nauyi da faɗi da kauri sun yi daidai gaba ɗaya. Na ƙwarai bugawa ake yi, jabu kuwa sau da yawa zubi ne, za ka ga 'yan ƙananan ramuka a fuskarsa da layin haɗi a bakinsa, rubutun kuma ya yi dishi-dishi. Kafin ka taya, ka nemi hoton gaba da baya da baki, da hoton sulen a kan sikeli. Liyari na ƙwarai yana da rubutu zagaye da bakinsa. Ka karanta bayanin mai kaya har ƙarshe, ko ka sa yaro ya karanta maka. In ka ga copie ko copy, kwaikwayo ne. In ka ga refrappe ko restrike, sabon bugu ne da tsohuwar shekara. Da ɗana ya koma ya duba tallar liyarina, kalmar tana nan a layin ƙarshe. Mutumin bai yi mini ƙarya ba, ni ne ban karanta ba.

Na bakwai, halin da sule yake ciki. Yadda muke da zaɓin farko da na biyu a dila, haka su ma. Faransawa suna rubuta TB, TTB, SUP, har zuwa FDC wanda bai taɓa shiga hannu ba. Amurkawa suna ƙirgawa daga 1 zuwa 70, kuma kamfanoni irin su NGC da PCGS suna dubawa su rufe sulen a cikin roba mai lamba, wadda za ka iya bincikawa a shafinsu. Tsakanin wanda ya sha hannu da wanda bai sha ba, kuɗi na iya ninkawa sau da yawa. Wanda aka huda ko aka yi wa kunne, irin na iyayenmu mata, a wurin masu tarawa ya faɗi, kusan kuɗin ƙarfensa kawai ya rage. Kuma don Allah kada ka wanke. Mu mun saba abu in ya yi ƙyalli ya fi shiga ido, amma a nan baƙi-baƙin da shekaru suka bari shi ake so. Toka da lemon tsami da soson ƙarfe suna kankare fuskar sule, kuma masani da kallo ɗaya zai gane. Ku gargaɗi matan gida da yara, don da kyakkyawar niyya za su goge maka rabin kuɗinka. Wajen ajiya kuma, iskar Kwatano danshi ce da gishirin teku. Kowane sule ka sa shi a ƙaramin ambulan na takarda shi kaɗai, ka rubuta shekararsa da ranar saye da kuɗin da ka biya, ka sa a gwangwani mai murfi a wuri busasshe. Leda mai laushi takan sa su yi kore in sun daɗe.

Akwai wata damfara da ke bi ta ɗaya gefen, kuma ta fi cin mutanenmu. Za a turo saƙo a waya cewa wani Bature yana neman kwabo mai huji zai biya miliyoyi. In ka tura hoto sai a ce naka ne ake nema, amma ka fara biyan kuɗin rajista, ko na gwaji, ko na takardar fitarwa. Wani abokin sana'ata a nan layinmu sau uku yana turawa ta waya kafin lambar ta daina shiga. Tunda nake kasuwa ban taɓa ganin inda mai saye ke karɓar kuɗi wurin mai sayarwa kafin ciniki ba.

Ga masu sayen na azurfa da zinariya, akwai hukuncin addini da ya kamata a kula da shi. Waɗannan biyun sharaɗin cinikinsu shi ne a biya a karɓa hannu da hannu, don haka kafin ka saba sayensu daga nesa, ka zauna da malamin da ka yarda da shi ka yi masa bayanin yadda biyan da aiken suke. Sannan nisabin zakkar azurfa dirhami 200 ne, wajen giram 595. Liyari 26 sun kai wannan, ko da a gwangwani suke kwance.

To ɗana na Lome, in ni ne kai, ga yadda zan fara. Zan tambayi tsofaffin gidanmu tukuna, don akwatunan kakanni sun fi intanet araha, ga labari kyauta a kai. Zan zaga wurin maƙeran farfaru da masu kayan tarkace in riƙa ɗauka ina jin nauyi a hannuna. Zan zaɓi layi ɗaya, misali anini da ɗari da kwabo daga 1907 zuwa 1958, in bi shi a hankali. Gwanjona goma na farko ba zan wuce jika biyar a kowanne ba, don in an cuce ni ya zama kuɗin makaranta. Kuma ba zan taɓa jarin shago ko kuɗin cefane ko na haya ba. Wannan harka sha'awa ce da sanin tarihi. Ranar da ka matsu ka kai su kasuwa, da wuya a ba ka abin da ka biya.

Kuɗin kayan ɗakin nan sai da na yi wata huɗu kafin na cike gurbinsu, kuma uwargida ba ta bar ni na manta ba ko na mako ɗaya. Liyarin kuwa, a 2021 da na tashi zuwa gida na tafi da shi, ta Parakou da Malanville, muka haye Gaya, muka bi Dosso da Birnin Ƙonni har Maraɗi. Na sa a tafin hannun Inna ban ce komai ba. Idonta ya yi rauni yanzu, sai ta shafa shi da yatsa, ta jinjina nauyinsa, ta sake shi a kan turmi ta saurari ƙarar. Ta ce: "Shi ne." Can kuma ta ce: "Nawa ka saye shi?" Na ce Inna ai kyauta ba a tambayar kuɗinta. Ta ce to lallai an cuce ka. Yana nan ɗaure a bakin zanenta har yau.

Mai tambaya ko ƙarin bayani, musamman dattawan da suka kashe taro da sisi da hannunsu, ƙofa a buɗe take. A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu taɓa batun bashi tsakanin mai sari da mai kai kaya ƙauye. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare mu da asara. Wassalam.